Taubashiyata da Yaƙin da Ba Namu Ba

A shekarar da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Ukraine ina zaune a Lyon, ina shekarata ta biyu a jami'a, ina karatun adabi. Ɗakina yana hawa na biyar a gidan ɗalibai. Don ƙanƙantarsa, in zan shimfiɗa sallaya sai na ɗauke kujera na ɗora ta bisa gado. Amma yana da taga mai kallon kogi, ni kuwa mutum ce mai son tsayuwa a bakin taga. Nakan manta da shayina har ya huce ina kallon tururin sanyi yana tashi daga ruwa.

Ranar da aka fara, a talabijin ɗin ɗakin cin abinci na gani. Motoci sun yi jerin gwano a kan hanya, mata sun rungume jarirai a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na ji tausayinsu irin wanda ake ji wa mutanen cikin fim, har na ci gaba da shafa wa burodina man shanu. Sai sunan garin ya fito a ƙasan hoton. Na ajiye wuƙar.

Da yamma Baba ya kira ni daga Maraɗi.

"Wai su wa ke faɗa da su wa? Kusa da ku ne?"

Na ce da nisa sosai, Baba.

"To madalla. Mu dai ba mu da kowa a ciki. Allah ya raba su lafiya."

Na ce amin. Ban gaya masa muna da mutum ɗaya a ciki ba, kuma tun safe nake kiran wayarta ba ta shiga. A gidanmu ana cewa tana Turai ne kawai, kamar yadda ake cewa ina Turai. Babu wanda ya taɓa riƙe sunan ƙasar.

Ɗiyar Goggo ce, Goggo kuwa ƙanwar Baba ce da aka aurar a Katsina tun kafin a haife ni. Ta girme ni da shekara uku. Tana karatun likita da Turancin Ingilishi a garin nan da na ga sunansa a talabijin, wani birni na gabashin Ukraine, kusa da iyakar Rasha, ta yi shekara biyar, saura ɗaya da 'yan watanni ta gama. Tun tana shekarar farko dangi suka laƙaba mata Dokta, sunan ya bi ta har ƙananan yara ba su san na gaskiyar ba. Ni da ita taubasai ne, ni ɗiyar namiji, ita ɗiyar mace, saboda haka nake ce mata baiwata, ita kuma ta ce mini 'yar Faransa. Tun muna yara, in an kai mu hutu gidan kaka, ba mu taɓa yin magana ta minti biyar ba tare da ɗaya ta tsokani ɗaya ba.

Kwana tara ta yi a hanya. Saƙonninta na murya sukan shigo guntu-guntu, wani da ƙarar jirgi a bayansa, wani da iska kawai. A ɗaya ta ce sun yi tafiyar ƙasa tun asuba. A wani ta ce a bakin iyaka layi biyu ne, na 'yan ƙasa da na baƙi, nasu na baƙi ba ya motsi. Ba ta yi kuka a ko ɗaya ba. A na ƙarshe ta ce, "'Yar Faransa, ki share mini ɗaki, ga ni nan tafe garinku."

Ta sauka a Paris, gidan wata Hajiya 'yar Damagaram da ke zaune a La Courneuve tun kafin a haife mu. Kusan duk ɗan Nijar da ya taɓa sauka a Paris ba shi da masauki ya ci tuwon Hajiya. Na hau jirgin ƙasa daga Lyon ranar Asabar. Na tarar da ita a falo, an lulluɓe ta da bargo biyu, ƙafafunta cikin roba da ruwan ɗumi. Ta rame har haƙoranta sun yi mata yawa. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, amma da na gan ta sai bakina ya koma inda ya saba.

"Ke baiwata, haka ake zuwa gaida uwar ɗaki, hannu rabbana?"

"Ji mini 'yar Faransa. Ko ruwa ba ki ba ni ba kin fara roƙo."

Sai muka rungume juna, Hajiya tana tsaye da ludayi a hannu tana cewa, "Ku yi a hankali, kar ku zubar mini da ruwa bisa tabarma."

Yatsun ƙafarta biyu sun yi baƙi saboda sanyi. Ta ɗago ƙafar ta duba su da kanta, ta latsa, ta faɗi sunan abin da Ingilishi, ta ce ba za su lalace ba, farce ne kawai zai fita. Abin da ta zo da shi jaka ɗaya ce ta goyo: fasfo, katin makaranta, kwamfuta, da kayan jikinta. Takardun sakamakonta na shekara biyar suna ofishin jami'a, jami'ar kuwa an rufe ta, ana jefa bama-bamai a unguwar.

Washegari Lahadi Alhaji, mijin Hajiya, ya yi baƙo, wani Malam mai tuƙin tasi. Suka zauna gaban talabijin suna gardamar yaƙin kamar masu kallon ƙwallo. Malam yana bayan wannan ɓangare, Alhaji yana bayan wancan, don kawai kar hira ta mutu.

"Alhaji, ka bar su su ɗanɗana. Da mu ake wa haka, wa zai rataya mana tuta a taga?"

"Kai dai Malam tsohon ɗan adawa ne. Da an ce rana na fitowa daga gabas sai ka ce a sake ƙirga ƙuri'a."

"Ni dai na ce ba yaƙinmu ba ne. Turawa ne ke dukan Turawa. Mu 'yan kallo ne."

Taubashiyata tana gefe tana tsince wa Hajiya zogale. Ba ta ɗago kai ba. Hajiya ce ta leƙo daga kicin ta ce, "'Yan kallo, a rage murya, akwai wadda ta fito daga cikin filin." Alhaji ya mayar da tashar zuwa wa'azi.

Malam bai yi ƙarya ba. Ƙasarta ba ta aika soja ba, tawa ma haka. Ba a harba ko harsashi ɗaya da sunanmu ba. Abin da ya isa gida daga yaƙin shi ne burodi ya ƙanƙance, takin zamani ya yi wuyar samu. Baba ya ce mini burodin yanzu in ka matse shi a tafin hannu sai ka neme shi ka rasa. Ya yi dariya da ya faɗa. A Lyon kuwa gari ya cika da tutoci shuɗi da ruwan ɗorawa, a tagogi, a shagunan littattafai, har a ƙirjin mai sayar mana da burodi. Ina wucewa ta ƙarƙashinsu nakan ji kamar na shiga gidan makoki inda ban san mamacin ba, ina neman inda zan ajiye idona.

Na taho da ita Lyon saboda ni ce mai adireshi da takardun zama, kuma ba ta jin Faransanci ko na gaisuwa. Muka raba gadona, kai da ƙafa. Da safe in na tafi makaranta nakan bar mata kalmomi goma a manne jikin firiji, da yamma in yi mata jarrabawa.

"Wane irin harshe ne wannan," in ji ta, "a rubuta harafi bakwai a karanta uku? Shi ya sa ba ku da gaskiya."

"Yi shiru ki maimaita, baiwa ba ta gardama."

Burinta ɗaya ne: ta samu izinin zama, ta koyi harshen, ta shiga wata jami'a ta ƙarasa abin da ya rage, ko da za a mayar da ita baya da shekara ɗaya ko biyu. Ta ce ba za ta iya komawa Katsina da rabin likita ba. Dangi duka sun sa hannu a karatun nan, har kakarmu kafin ta rasu takan ce ba za ta yarda kowa ya yi mata allura ba sai Dokta ta dawo.

Wata ƙungiya mai taimakon baƙi ta haɗa mu da wata tsohuwar malamar makaranta, Bafaransa mai farin gashi, muna ce mata Madam. Ta zaunar da mu a wani ɗaki mai warin kofi ta yi mana bayani dalla-dalla, ina fassarawa. 'Yan Ukraine da suka gudo ana ba su izinin zama da na aiki da na karatu nan take. Amma wanda ya gudo daga yaƙin alhali ba ɗan ƙasar ba ne, sai an tambaye shi abu ɗaya: zai iya komawa ƙasarsa ta asali ya zauna lafiya? In zai iya, to Faransa ba ta ga dalilin riƙe shi ba. Ƙasarsa ba ta cikin yaƙi.

"Na karanta cewa a yankinku akwai 'yan bindiga," in ji Madam. "Gaskiya ne?"

Na kalli taubashiyata, ta kalli tebur.

"In gaskiya ne, ta faɗa. Duka. Kar ta ƙara komai, kar kuma ta rage. Ban ce zai isa ba, amma shi kaɗai take da shi."

Gaskiya ne, kuma mun sani, ko da yake babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya gaya mana. Tsintarsa muka yi a gefen magana. Damina biyu ke nan Goggo ba ta aiko mana da sabon gero Maraɗi ba, aka ce gonar ta yi nisa. Gonar tana inda take tun kafin a haife mu. An daina zuwa ƙauyen mijinta bayan la'asar, aka ce hanya ba ta da kyau. Ɗan maƙwabcinsu ya yi wata biyu ba a gan shi ba, aka ce ya yi tafiya, ya dawo ba ya magana da kowa. Ko sunan mutanen ba a kira, sai a ce mutanen daji, da murya ƙasa-ƙasa. Haka gidanmu yake. Ranar da kaka ta rasu, abin da aka ce mini a waya shi ne jikin ya ɗan matsa, in yi mata addu'a. An riga an dawo daga maƙabarta a lokacin. A wurinmu mugun abu ba a ba shi baki, musamman a kan gidan da naka suke kwana a ciki. Ana jin tsoron abin da harshe ya kira.

Ana gobe za mu je ofishin takardun baƙi, bayan azahar, na ja ta bakin kogi don mu gwada. Itatuwa sun fara tsiro, yara suna wasa da keke, wani tsoho yana jefa wa agwagi gutsuren burodi. Na gyara zama na ɗaure fuska na zama ma'aikaciya.

"Malama, a garinku akwai zaman lafiya?"

"Kin fi kama da mai sayar da fura da aka hana canji."

"Dokta, ki bar wasa. A garinku akwai zaman lafiya?"

Ta buɗe baki. Na ga maganar ta taso har wuyanta, ta tsaya a nan.

"Akwai ɗan... ana dai fama."

"Ba za su gane ana fama ba. Ki ce ana sace mutane. Ki ce an bar gona. Ki ce ana kashewa a hanyar ƙauyenku."

"Subhanallahi, ke rufe bakinki! Mama tana can."

"Na sani tana can. Ai shi ya sa."

"Ba ki gane ba." Ta tsinke wani ɗan ganye tana murza shi. "In na faɗa, rubutawa za su yi. Su buga hatimi. A ajiye a ofis cewa ni, da bakina, na ce garin da uwata take kwana ba wurin zama ba ne. In wani abu ya faru bayan nan fa? Da wane ido zan kalli kaina?"

"Ke da kika yanka gawa da hannunki? Ke ce mai tsoron baki?"

"Na yanka gawa. Ba ta uwata ba ce."

Can sai ta ture ni da kafaɗa ta ce, "To ke mai ilimi, faɗi mana. Ce, gidan Goggona ba lafiya." Na yi dariya na ce ai ba ni za a tambaya ba. Muka tashi a kan cewa gobe za ta daure. Da muka koma ɗaki na zauna na rubuta jimloli biyar da Faransanci, masu tsabta, babu ƙari babu ragi, na haddace su kamar hadda, don in ta faɗi ko rabin magana in ƙarasa mata.

Da safe muka bi layi na awa uku. Wadda ta karɓe mu mace ce mai tabarau, tana fama da mura, akwatin hankici a gefenta. Ba ta da zafi. Ta duba fasfo, ta duba katin makaranta, ta ce mana sannu da wahala. Ingilishinta kaɗan ne, don haka ta yarda in fassara. Ta yi tambayoyin suna da ranar shigowa da hanyar da aka bi. Sannan ta ajiye biro ta ce:

"Ki tambaye ta, a garin da iyayenta suke, za ta iya komawa ta zauna ba tare da tsoron ranta ba?"

Na mayar da tambayar Hausa, ban rage komai ba. Taubashiyata ta fahimta sarai. Ta ɗora hannayenta biyu bisa jakarta.

"Ki ce mata uwata tana can. Ki ce lafiya lau, alhamdulillahi."

"Dokta," na ce a hankali, "gonar fa? Hanyar fa? Jiya kin ce za ki daure."

"Na gwada. Ki faɗa mata abin da na ce."

Matar ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Duk abin da na ce shi ne za ta rubuta, kuma taubashiyata ba za ta gane ba, domin Faransancinta bai wuce na jikin firiji ba. Jimlolina biyar suna nan a kan harshena, a jere, kowace gaskiya ce. Sai na ga Goggo. Na gan ta zaune bakin ƙofar ɗakinta da faifai a cinya tana tsince shinkafa, tabarau ya zamo mata har kan hanci, ƙofar gida a buɗe kamar kullum saboda yaran maƙwabta. Na ji in na furta jimlar farko kamar na nuna ƙofar nan da yatsa. Na yi karatu, na san harshe ba ya kiran harsashi. Sanin bai taimake ni ba.

Na ce, "Ta ce mahaifiyarta tana can, kuma suna lafiya."

Matar ta kalle ni ta saman tabarau. Ta share hanci. "Kun yi magana mai ɗan tsawo. Babu abin da take so ta ƙara? Ki ɗauki lokacinki."

Har yau wannan ne ya fi ci mini rai. An buɗe mini ƙofa sau biyu.

Na ce, "Babu. Shi ke nan."

Ta rubuta. Ta ba mu takardar izinin zama ta wata ɗaya, ta ce in an samu jami'ar da ta karɓe ta kafin nan a dawo. Ta yi mana fatan alheri, kuma na yarda da gaske take.

Da muka fito taubashiyata ta tambaye ni me na ce. Na gaya mata. Da muka kai tashar bas ta ce, "Ashe ke ma baiwa ce. Yunwa nake ji, saya mini wani abu mai zafi." Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, a ranar ko bayanta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Madam ba ta yi faɗa ba da muka ba ta labari. Ta cire tabarau ta murza idanu, ta ce wataƙila ko an faɗa ba zai canja komai ba, akwai waɗanda suka faɗi duk abin da ke bakinsu kuma aka ce su koma. Don ta kwantar mana da hankali ta faɗa. Ni kuwa sai ya zame mini wani nauyin, domin yanzu ba zan taɓa sani ba.

Watan nan mun buga kowace ƙofa. Na rubuta wasiƙu har na haddace yadda ake roƙo da ladabi a harshen mutane. Amsa iri ɗaya ce: ina takardun sakamako, ina shaidar iya Faransanci, kuma sashen likita a cike yake ko ga 'yan ƙasa. Jami'arta ta can ta fara ba da darasi ta intanet. Nakan dawo in tarar da ita gaban kwamfuta, wani malami tsoho yana koyar da ciwon zuciya daga wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, sanye da hular sanyi, wani lokaci hoton ya tsaya cak ana jira a ga ko zai dawo. Tana rubutu da sauri kamar mai kamun ruwan sama a kwano. Sai labari ya zo daga gida cewa hukumar likitocin ƙasarsu ba za ta amince da karatun da aka yi ta intanet ba. Ta karanta saƙon sau biyu, ta rufe kwamfutar, ta tashi ta wanke kwanukan da na riga na wanke.

Bayan nan wasiƙa ta zo, an ba ta kwana talatin ta bar ƙasar. Madam ta ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma sai an rubuta abin nan dai da ba a faɗa ba, a sa hannu. Hajiya ta kira ta ce ta dawo La Courneuve ta zauna, inda mutum biyar suka kwana na shida ma zai kwana, akwai aikin kula da tsofaffi da ba a cika tambayar takarda ba. Taubashiyata ta yi godiya. Ta ce mini ba ta yi tafiyar kwana tara don ta riƙa sauya hanya duk lokacin da ta hango ɗan sanda ba. Ta ce gida za ta.

Muka koma Paris kwana biyu kafin tashinta. Tikitin ya ba ta damar akwati biyu, ita kuwa kayanta ba su cika rabin ɗaya ba. Labari ya bazu cewa akwai mai tafiya gida da akwati babu kaya. Tun hantsi mata suka fara sallama, daga Stains, daga Clichy-sous-Bois, daga benen da ke kallon na Hajiya, kowace da ƙunshinta an naɗe da leda an rubuta lambar waya a jiki. Man zafi na wata kaka a Damagaram. Takalmin jariri zuwa Tawa. Turare, cakulan, wayar hannu, tabarau na karatu. Haka ake yi, ba a barin mai tafiya ya tafi da wuri a akwati, kuma ba a cewa a'a.

"Ke kam kin ji daɗi, za ki ga gida."

"Dokta, an gama ke nan? Allah ya sa albarka. Ki duba mini ƙafar nan kafin ki tafi."

"Ki ce wa Inna ta shafa da dare kawai, kar ta ba kowa, na san halinta."

Ta karɓi kowane ƙunshi da hannu biyu, ta ce insha Allahu zai isa. Ta duba ƙafar ma, ta ce a rage gishiri. Hajiya, wadda ta san komai, tana ta zuba wa baƙi shayi ba ta haɗa ido da kowa ba.

Da la'asar Alhaji ya ɗauko ma'aunin banɗaki, ya hau shi kaɗai, ya sauko, ya sake hawa rungume da akwati. Na biyun ya yi nauyi. Aka tsaya ana kallon juna, don ba a san saƙon wa za a mayar ba. Taubashiyata ta durƙusa ta zuge akwatin, ta zaro wani ƙunshi mai kauri daga ƙasa. Darussan nan na intanet ne, waɗanda ta buga a takarda a Lyon, ta ja layi a ƙarƙashin rabinsu da jan biro. Ta miƙo mini.

"Riƙe mini, uwar ɗaki. In an samu mai zuwa kya aiko."

Alhaji ya sake hawa ma'auni ya ce yanzu daidai.

Saƙonnin duka sun isa. Wata guda ta yi tana kiran lambobi tana haɗa kowa da kayansa, har kakar Damagaram ta aiko da godiya. Ta nemi shiga jami'a a gida, aka ce ba tare da takardun sakamako ba sai dai ta fara kusan daga farko, kuma sai an samu gurbi. Yanzu tana tsaron shagon magani na wani ɗan'uwan babanta, tana auna hawan jini, tana yi wa yara allura. Har yau ana ce mata Dokta. Ta ce da farko tana gyara wa mutane, daga baya ta gaji.

Yaƙin bai ƙare ba. Tutocin tagogin Lyon rana ta cinye launinsu, wasu an cire, wasu an manta da su. A gida an saba da ƙaramin burodi. In na kira Goggo na tambaye ta ya gari, takan ce lafiya lau, in ce madalla, mu wuce zuwa maganar sanyi da abinci.

Takardun suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona. Wani lokaci nakan buɗe in kalli zanen zuciya da na huhu da ƙananan rubutunta a gefe, ban fahimci komai ba, in mayar. Sau biyu na samu mai tafiya Katsina, na tambaye ta ko in aiko mata. Na farko ta ce in bari tukuna. Na biyu sai ta tambaye ni ko har yanzu ina barin shayi ya huce a bakin taga.